Shekarar Injin Girgiza

Ku 'ya'yana, akwai shekara guda da ba mu cika zancenta a gida ba, kuma na san kowannenku ya ji gutsurenta a bakin wani. Hadiza ta ji nata a Zurmi, Nasiru ya ji nasa a tasha. Tunda ƙarfina ya fara ja da baya, gara ku ji ta daga bakin wadda aka yi abin a kanta, har da wurin da ni ma ban yi daidai ba.

Lokacin jiharmu ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, kuma Shari'a ta yi 'yan shekaru da zaunawa. Mutane sun karɓe ta da murna, mu ma muna cikin masu murnar, amma kowa yana takatsantsan da abin da za a ce ya yi. An rufe gidajen giya, makaɗa sun rataye gangunansu, 'yan bori kuwa wasu sun tuba, wasu sun bar gari. Babanku direban babbar mota ne, yana kwasar gero da dawa daga Kasuwar Daji zuwa Shinkafi, wani lokaci har Jangeru. Ba ku san shi a wancan jikin ba. Mutum ne da yake ɗaga buhu shi kaɗai ya aza a mota in 'yan dako sun yi masa nawa. Da daminar shekarar ruwa ya cinye gefen wani kwalbati, motar ta kwanta da shi a ciki, ƙashin cinyarsa ta dama ya karye. Aka kai shi asibiti a Sakkwato. Tsakanin can da gida ya yi wata biyar bai taka ƙasa ba. Ranar da aka cire masa filasta na juya fuskata don kada ya ga abin da ke idona, domin ƙafafun nan biyu, har da wadda ba ta karye ba, sun koma kamar karan dawa. In ya yunƙura zai tashi sai gwiwoyin su lanƙwashe, ya koma ya zauna yana haki.

A sashen gashi na asibitin akwai wata ma'aikaciya, ana ce mata Sista Maryamu, gajeruwa mai saurin magana. Ta ɗaga hoton ƙashin ta duba, ta matsa cinyar da yatsa, ta dube ni.

"Ƙashi ya ɗinke, Hajiya. Nama ne ya tafi. Shi kuwa nama ba a ɗora shi, sai an sa shi aiki."

Ta koya masa motsa ƙafa yana kwance, da tashi daga kujera yana riƙe da ƙarfe. Sannan ta kai mu wani ɗaki ta nuna mana wani inji: faranti ne na ƙarfe mai faɗin faifai biyu, da mariƙi a gaba kamar kan keke. In an kunna shi sai farantin ya riƙa kaɗawa da sauri, ido ba ya ma gani sosai, sai dai ƙarar. Ta ce wanda ya tsaya a kai, naman ƙafarsa yana ɗaurewa yana saki ba tare da ya sa shi ba, don kada ya faɗi, ta haka yake samun ƙarfi. Ta ce ba ya maye gurbin sauran motsin, taimako ne kawai ga wanda tafiya ta gagare shi. Ta hau da Babanku na ɗan lokaci, tana riƙe da ƙugunsa. Da ya sauka ya ce ya ji cinyoyinsa sun yi ɗumi, abin da rabonsa da ji tun ranar hatsarin. Ta ce da zai samu sau uku a mako, da ta ji daɗi. Amma daga gidanmu a Ƙaura zuwa Sakkwato da mutumin da ba ya tsayawa, ga shi an hana mata hawa kabu-kabu, ko tasha zan je sai na tsaya jiran motar mata, ina sau uku a mako?

Kawunku Bala, ƙanena, yana Jidda a lokacin, yana aiki a wani shagon gyaran kayan wuta. Na ɗauki maganata a kaset na ba wani maniyyaci ya kai masa, na kwatanta masa injin iyakar iyawata. Ban sa rai ba. Sai ga shi bayan Babbar Salla kayan alhazai sun iso da wani kwali mai nauyi da sunana a jiki. Tsoho ne, wani ya yar da shi, Kawunku ya gyara. Da muka koma ganin likita na gaya wa Sista Maryamu. Ba ta yi murna nan da nan ba. Ta ce ba za ta yarda in ɗora mutum a kan abin da ban san yadda yake ji ba, ta sa na cire takalmi na hau nasu. Haƙorana suka riƙa haɗuwa, hancina ya ɗau ƙaiƙayi, na ji kaina zai tsinke.

"Kin miƙe gwiwa, shi ya sa ya hau miki kai," in ji ta. "Durƙusa kaɗan, kamar za ki zauna a turmi. To, kin ji ya sauko cinya? Haka zai tsaya. Ki ƙirga sittin ki kashe, ya huta, ya sake. Sau huɗu, ba ƙari. Kwana ɗaya a yi, kwana ɗaya a bari. Kuma kada ya hau ba kya wurin, ko da ya rantse miki ya warke."

Na sauka cinyoyina suna zafi kamar na yi dakan turmi uku.

Babanku ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce kada kowa ya sani. Tun da aka dawo da shi bai bari ko abokansa direbobi sun gan shi a tsaye ba. In sun zo gaisuwa yana zaune ne, an lulluɓe ƙafafun da bargo, yana yi musu dariya yana cewa saura kaɗan. Ya ce in rantse ba zan nuna wa kowa shi a kan injin ba, yana kakkarwa kamar ɗan tsako. Na ce na yi alkawari. Muka sa injin a ɗakinsa, muka riƙa yi da hantsi, bayan kun tafi makaranta. Wuta ba ta zama, don haka sai mu tada ƙaramin janareta a bayan ɗaki. Warin fetur yana tayar masa da zuciya, sai in sa turaren wuta a kasko. Ba ni da agogo mai nuna daƙiƙa, kuma in na ƙirga a zuci ƙarar tana ɓatar da ni, sai na kife ƙwarya ina bugawa da ludayi, bugu ɗaya ƙirga ɗaya. Shi kuma ya runtse ido, yana riƙe da mariƙin, yana salati, muryar tana fita a karkaɗe. Bayan mako biyar ya tashi daga kujera ban ja shi ba. Ya tsaya yana kallon ƙafafunsa kamar na aro. Ranar na yi sujada a tsakar ɗakin.

Makon da ya biyo baya ne wata maƙwabciyarmu, wadda ake ce wa Ta-Moriki, ta shigo aron rariya. Ta yi sallama ba mu ji ba. Ta bi ƙarar har bakin ƙofa, iska ta ɗaga labule. Ku tsaya ku ga abin da ta gani: ɗaki cike da hayaƙin turare, namiji yana kaɗuwa daga kai har ƙafa ido a rufe, yana wata irin murya, matarsa a durƙushe tana kaɗa ƙwarya. Gado ya kare mata farantin. Da na ɗago kai sai na ga bayanta tana fita da sauri, ko rariyar ba ta ɗauka ba. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba, domin ko ni ce abin da zan ɗauka ke nan. Kuma akwai abin da ba ku sani ba: kakata ta wajen uwa sananniyar 'yar bori ce a Shinkafi, ta rasu tun ina ƙarama, amma tsofaffin Ƙaura ba su manta ba.

Ba wanda ya zo ya tambaye ni. Abin da na fara gani shi ne masu sayen mai da ƙuli-ƙulina sun ragu, kuma da sana'ar nan nake ciyar da gidan. A Islamiyyar matan aure, wadda muke zama tabarma ɗaya shekara uku ta matsa ta koma wani sahu. Malamar ta yi wa'azi a kan masu neman lafiya wurin iskoki, ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya, ajin kuwa duk ni suke kallo. Duk sallamar da aka yi a zaure sai gabana ya faɗi, in ce 'yan kwamitin unguwa ne masu sa ido a kan bin Shari'a. Na ji yadda aka yi da wasu mata a wani gari, aka tara kayansu aka ƙone a gaban jama'a, aka kai su gaban alƙali. Ban san iyakar gaskiyar labarin ba, amma ya hana ni cin abinci. Na roƙi Babanku ya bar ni in kira ko mace ɗaya ta gani.

"Kin yi alkawari," in ji shi. "Bari in samu ƙahwa in hita da kaina, bakinsu shi mutu."

Wannan gaggawar ce ta kusa kashe shi. Wata rana an kawo wuta ina madafa ina tuyar ƙuli, ya lallaba ya hau shi kaɗai, ya ƙara ƙarfin injin, ya miƙe gwiwa don ya gaji da durƙuso. Ban san tsawon lokacin da ya yi ba. Ƙarar faɗuwarsa na ji. Na same shi a ƙasa, goshinsa ya bugi ƙarfen gado, jini ya rufe masa ido ɗaya. Abin da na fara taɓawa cinyar ce, ina addu'ar kada ta sake karyewa. Allah Ya tsare. Amma sai da aka kira mai kemis ya ɗinke goshin, kuma kafin la'asar gari ya ɗauka cewa iskar da nake kira ce ta kayar da shi.

Kwana biyu sai ga Baffanku Garba daga Zurmi. Ku san wannan game da shi: shi ya riƙe Babanku tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon mota, kuma da aka yi hatsarin shi ya kwana mako biyu a barandar asibiti. Ba mugu ba ne. Tsoro ne ya kawo shi, irin wanda nake ciki. Ya zauna a ɗakin, na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi, bai amsa ba. Ya nuna injin da sanda, mun lulluɓe shi da zane.

"Mi ne ne wanga?"

"Na motsa jiki ne, Yaya. Asibiti sunka ce..."

"Ban tambaye ki ba. Kai kau Sani, har Zurmi anka iske ni da zancen gidanka. An ce 'yan kwamiti na shirin zowa. Ka san abin da za shi biyo baya in sunka shigo? Ran Asabar ina tahe da mota, in kai ka gida a yi maka rubutu da gashi irin namu. Wanga ƙarhe a jehwa shi rijiya. Ita kau ta tai Shinkahi gun danginta har ƙura ta lahwa."

Babanku ya sunkuyar da kai. Bai taɓa musa wa yayansa ba tun yana yaro, ban kuma sa ran zai fara ranar ba. Ya ce, "To, Yaya."

Laraba ce. Na wuni ina juya abin. In na tafi Shinkafi, na amsa laifin ke nan, kuma za a riƙa nuna ku ana cewa 'ya'yan mai bori. In aka kai shi Zurmi za a kwantar da shi a yi ta gasa ƙafar, naman da muka tara da ƙyar ya sake zubewa, ga Sista Maryamu ta ce in ya daɗe haka ba lalle ya dawo ba. In kuma na buɗe ƙofar ɗakin, na karya alkawarin da na yi wa mutumin da ba abin da ya rage masa sai wannan rufin asirin. Na yi alwala na yi salla, zuciyata ba ta kwanta a kan ko ɗaya ba. Da safiyar Alhamis na yafa mayafi na ce masa za ni gaisuwa, ban faɗi ina ba. Na nufi gidan limamin unguwa. Matarsa ta shigar da ni, ta kira shi, ya tsaya a bayan labule.

"Allah gafarta Malam, ni ce matar Sani direba. Na san abin da aka hwaɗi a kaina. Ban zo rantsuwa ba. Roƙo nike ku zo da wanda kunka ga dama ku gani da idonku, tun ba a zo mani ba."

Ya ce, "Maigidanki ya san kin taho?"

Na ce, "A'a."

"To, wannan kuma tsakaninki da shi. Ran Asabar da hantsi muna nan tahe."

Sai ranar Juma'a da magariba na iya gaya wa Babanku. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya daɗe, ya juya fuska bango.

Ranar Asabar suka zo su huɗu, liman da dattawa biyu da wani malamin firamare da ke cikin kwamitin. Suna zama motar Baffanku ta tsaya a ƙofar gida. Ya shigo ya gan su, ya gane wanda ya kira su. Na zaga bayan ɗaki, janareta bai tashi ba sai a karo na uku. Liman ya ce a yi komai yadda aka saba, kada a rage. Na sa turare, na kife ƙwarya. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce shi bai gane abin da zai sa ƙato kamar Sani ya buƙaci ƙarfe ya kaɗa shi ba, alhali an ce ƙashi ya ɗinke. Sai Babanku ya yaye bargon da hannunsa, ya naɗe wandonsa har cinya. Dattijon ya ce, "Subhanallahi," ya kau da kai. Baffanku ma tun asibiti bai ga ƙafafun ba. Babanku ya dafa kujera ya tashi shi kaɗai, ya taka taki uku, ya hau, ya lanƙwasa gwiwa. Na kunna. Na buga sittin ban ɗago ba. Ina jin muryarsa tana karkarwa a gaban mazan da a da suke kiransa in motarsu ta kafe.

Da na kashe, malamin firamaren ya nemi izini ya hau. Ya sauka yana murza cinya, ya ce wannan motsa jiki ne zalla, ya taɓa ganin hoton irinsa a littafi. Liman ya sa tafin hannunsa a kan farantin aka kunna, ya ji, ya janye.

"Magani ne, ba iska ba," in ji shi. "Ni zan hwaɗi ma jama'a bayan azahar. Amma Malama, a aje ƙwaryag ga. Ki ɗauki carbi ki yi istigfari, ki samu ƙirga ki samu lada."

Suka fita. Baffanku bai tashi ba sai da sawunsu ya ɓace. Ya dubi ƙanensa, idonsa ya kawo ruwa, na ɗauka zai yi magana mai taushi. Sai ya juyo wajen ƙofar da nake.

"Na yanke magana, kin kai ƙarata gun liman. Kin tuɓe ɗan'uwana gaban mutane. Gidan ya zama naki."

Ya tafi da motarsa ba kowa a ciki. Daga ranar bai sake cin abincin da na dafa ba har yau. Yakan zo Ƙaura ya tsaya a zaure, Babanku ya fita su gaisa. Da Babanku ya rasu ya zauna kwana bakwai a ƙofar gida, ana kawo masa tuwo daga maƙwabta. Na aika masa da ban haƙuri sau uku, a na ukun ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, amma abin da ya tsage bai koma ba. Kuna da 'yan'uwa a Zurmi da kuka tashi ba ku san ɗakunansu ba, ni na jawo muku wannan. Kada ɗayanku ya riƙe shi da komai.

Masu sayen ƙuli suka dawo sannu a hankali. Ta-Moriki ta zo ta durƙusa tana kuka, daga baya ma ita ta riƙa kawo uwar mijinta mai ciwon gwiwa, na ce sai sun tambayi likita tukuna. Ban sani ba har yau ko injin ne ya yi aikin, ko tashi da zaman da yake yi sau talatin kullum, ko zagayen tsakar gida da sanda. Sista Maryamu ta ce duka ne. Mota dai bai sake tuƙawa ba, ƙafar ba ta iya taka birkin babbar mota. Ya koma rubuta lodi a tasha.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne shirun Babanku. Kusan wata biyu ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. In na kawo abinci ya ci, in na gaishe shi ya amsa da ka. Amma duk ranar hawa, da hantsi zan same shi zaune a bakin gado ya naɗe wando yana jira. In kunna, in ja carbi, in kashe, ya huta, ya sake. Ba ya kallona, ni kuma ina kallon gwiwoyinsa, ina tsoron kada ya faɗi, ina tsoron kada ya warke ya sallame ni.

Wata ranar Talata aka kira la'asar, sai na ga ya sa hula ya ɗauki sanda. Na bi shi har zaure na leƙa ta tsagar ƙofa. Masallacin yana ƙarshen layi, tafiyar da yaro zai yi da numfashi ɗaya. Ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Masu zama a dakali suka miƙe za su kama shi, ya ɗaga musu hannu. Na tsaya a wurin har aka idar, har na hango shi yana dawowa, sannan na ruga na zauna a gindin murhu kamar ban motsa ba. Ya shigo rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya zauna a kan turmi. Na kawo ruwa na durƙusa. Ya karɓa bai sha ba.

"Ramatu, da kin tambaye ni, da na hana ki."

"Na sani, Malam."

"Shi ya sa ba ki tambaya ba."

Ya shanye ruwan, ya miƙo mini moɗar, ya riƙe ta kaɗan kafin ya saki.

"Gobe ranar hawa ce," in ji shi. "Ki tashe ni da wuri."